Bawana ya kalli The Godfather

Ɗan gwaggo, bawan gidanmu, labari ya iso ni cewa ka kalli The Godfather. Barka da arziki. Fim ɗin da Francis Ford Coppola ya fitar tun 1972, lokacin ko auren gwaggo ba a ɗaura ba, shi ne yanzu kake bin majalisu kana gargaɗin mutane kada ya wuce su.

Waɗanda suka zauna da kai sun ce ka hana kowa sakat. Da aka nuno bikin Connie, 'yar Don Vito Corleone, ka gyara zama kana jiran ango da amarya su ruga lambu suna rawa suna sauya kaya. Sai ga tsoho Don Vito a ɗaki mai duhu, kyanwa a cinya, yana magana can cikin maƙogwaro. Ka ce a ƙara murya, lasifika ta lalace. Lafiyarta ƙalau, Marlon Brando da ya fito a matsayin tsohon ne ya ga damar yin haka, kuma da muryar ya ci kyautar Oscar a 1973, ya ƙi karɓa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya ƙure su shi ne tambayarka ta kowane minti: wai wane ne bos, wane ne jarumi? Da Michael, ɗan Don Vito, ya shigo da kakin soja, yana nesanta kansa da sana'ar gidansu, ka buga cinya ka ce ga jarumi. Aka harbi ubansa saboda ya ƙi shiga cinikin hodar Sollozzo. Michael ya ɗauko bindigar da aka ɓoye masa a banɗakin gidan abinci, ya gama da Sollozzo da ɗan sandan da ke tsare masa baya, ka miƙe kana tafi. Ya gudu Sisili, ka raka shi da addu'a. Ya dawo ya tsaya a coci wurin baftismar ɗan 'yar'uwarsa yana barranta da Shaiɗan, a daidai lokacin yaransa na bin shugabannin sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya, har nan kana cewa ramuwa ce. Sai da ya sa aka shaƙe mijin 'yar'uwar tasa, ya dubi idon matarsa Kay ya musa, aka rufe mata ƙofa, sannan ka yi tsuru. An ce rubutu na hawa kana zaune, kana jiran wanda zai zo ya kashe bos. Kusan awa uku ka yi kana wa bos kirari da bakinka, ɗan gwaggo.

Ga kuma batun doki. An ɓarar wa Sonny, yayan Michael, da harsasai a shingen biyan kuɗin hanya ko gezau ba ka yi ba, amma yankakken kan dokin nan Khartoum a gadon mai shirya fim Jack Woltz ya sa ka salati har maƙwabta suka leƙo. Ka lallashi kanka da cewa na roba ne. Na gaske ne, daga kamfanin abincin karnuka aka samo shi. Sai ka san yadda za ka yi barci yau.

Yanzu kuma an ce ka cusa goro a kumatu biyu, ka shaƙe murya irin ta Don Vito, kana miƙa wa yara bayan hannu su sumbata. Har aike ka yi mini wai in kawo kuɗin shara da ƙafata cikin girmamawa. Tun kaka da kakanni bawa ke takowa gidan ubangidansa. Watan cika-ciki na tafe, ka zo da tsintsiyarka, ka tofar da goron tun daga zaure.