Allah Ya Ja Zamanin Arhar Talotalo

A Amurka akwai wasu bayin Allah da suka cancanci kirari, kuma har yau ba a yi musu ba. Su ne masu wa'azin tsimi da tanadi, waɗanda suka leƙa cikin talotalo suka hango wa talaka ƙofar fita daga talauci. Da Nuwamba ta kama sai su hau mumbari da huɗubarsu ta kowace shekara: uwargida, daina sayen niƙaƙƙen nama a kanti, ɓarnar kuɗi ce. Sayi talotalo sukutum lokacin da farashinsa ya faɗi warwas, ki feɗe shi da hannunki, ki zare ƙashi, ki niƙa tsokar, ki ƙulla a leda ki jera a firiza, ku yi ta ci har bazara. Madalla da wannan basira! Tun da aka fara neman maganin tsadar rayuwa ba a samu mai sauƙin wannan ba, musamman a bakin mai faɗa.

Kafin su, a fara jinjina wa masu manyan kantuna. Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ake Bikin Godiya, kamar yadda majalisar dokokin ƙasar ta tsayar a 1941, kuma ƙungiyar masu sana'ar talotalo ta ƙasar takan ƙiyasta cewa ana cinye wajen miliyan 46 a wannan biki kaɗai. A makonnin ne kantuna ke karya farashin daskararren talotalo, wani lokaci har ƙasa da yadda suka saro shi. Wane irin karamci ne wannan, ɗan kasuwa ya zaɓi faɗuwa don iyalinki su ci nama! Kada mai mugun zato ya ce tarko ne. Sharaɗin da sukan maƙala, cewa sai kin yi sayayyar kuɗi kaza kafin a ba ki tsuntsun a wannan farashi, ai don a taimaka miki ne kada ki manta da man shanu da gari da dankali da kayan zaƙi. Idan kin fito da amalanke shaƙe, aljihu kuma fayau, ki tuna kin ci riba a kan talotalo.

Shi kansa tsuntsun abin yabo ne. Farin talotalo mai faɗin ƙirji da ake kiwo a manyan rumfuna a jihohi irin su Minnesota da North Carolina an yi ta zaɓen irinsa har nauyinsa ya kusa ninka na shekarun 1960. Ƙirjinsa ya yi girman da namijin ba ya iya barbara da kansa, sai ma'aikata sun ɗura wa matan iri da hannu. Ga shi kuma masu sarrafa shi ba su yi rowa ba: da yawa daga cikin daskararrun an yi musu allurar ruwan gishiri da kayan ƙamshi, a jikin ledar ma a rubuce yake, har kashi 8 cikin 100. Wannan ruwa a farashin nama kika saye shi, haka ƙashin baya da haƙarƙari da wuya da fiffike da fata. In kin ɗauko mai kilo 7, abin da zai shiga injin niƙa bai fi rabinsa da wani abu ba. Masu wa'azinmu sun san haka, amma saboda tausayi ba sa so su ɗaga miki hankali da lissafi, sai su ajiye farashin laba ɗaya ta tsuntsu mai ƙashi kusa da farashin laba ɗaya ta zallan tsoka, su ce dubi tazara.

Sai aikin, wanda suka ce ɗan lokaci kaɗan zai ci. Tsuntsun yana zuwa ne kamar dutse. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce a narkar da shi cikin firji, a ba kowace laba 4 zuwa 5 sa'a 24, wato mai kilo 7 zai kwana uku zuwa huɗu yana zaune a wurin madarar yara da sauran miyar jiya, yana tsiyayar da ruwansa mai jini-jini. Ran da ya saki, ki share teburin kicin, ki wasa wuƙa. Ki raba cinya da gangar jiki a gaɓa, ki bi ƙashin ƙirji da tsinin wuƙa ki ɓanɓaro tsokar ɓangare biyu, hannunki yana ƙanƙarewa, naman yana zamewa, wuƙar tana neman yatsa. A ƙafar talotalo akwai jijiyoyi da suka ƙandare kamar tsinken sakace, kowacce sai an zare ta ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba su nannaɗe wuƙar injin su tsayar da shi. Injin ma, in babu, sai a saya, kuma ba a sa kuɗinsa a lissafi, tunda jari ne. Dole naman ya yi sanyi ƙarara kafin a zuba shi, in ya ɗan huce sai ya fito kamar kunu. Tsokar ƙirji ba ta da kitse, sai an haɗa da fata, in ba haka ba a soya abu kamar dusa. A wurinmu fawa sana'a ce mai sarki, yaro yakan shekara da shekaru a gindin mahauci kafin a bar shi da wuƙa shi kaɗai, ko ranar layya ma gidaje da yawa mahauci suke kira. Amma albarkacin masu wa'azin tsimi, ga mace ta zama Sarkin Fawa a dare ɗaya, ba koyo, ba albashi.

Kada mu manta da baƙon da ke zuwa kyauta tare da tsuntsun, wato ƙwayar cutar Salmonella. A watan Agusta na 2011 kamfanin Cargill ya janye niƙaƙƙen naman talotalo laba miliyan 36 da aka sarrafa a masana'antarsa ta Springdale a jihar Arkansas saboda ita. Daga ƙarshen 2017 zuwa 2019 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙirga mutum 358 a jihohi 42 da suka kamu da wani nau'inta mai alaƙa da ɗanyen talotalo, 133 suka kwanta asibiti, ɗaya ya rasu. Kamfani mai ɗakunan sanyi da sufetocin gwamnati da ɗakin gwaji ya sha kaye a hannunta, amma babu komai, uwargida da soso ɗaya da katako ɗaya za ta gama da ita. Niƙa kuwa shi ne babban gatan wannan ƙwaya, domin abin da ke kan fata sai ya bi naman ciki da bai. Idan tsafta ta sa kin wanke tsuntsun a famfo, wani gwaji da Ma'aikatar Noma ta bayyana a 2019 ya nuna cewa cikin masu wanke ɗanyen naman kaji, kashi 60 cikin 100 sun bar ƙwayoyin cuta a wurin wanke-wanke, kashi 26 kuma sun kai su har kan ganyen salak. Sai naman ya kai zafin digiri 74 na ma'aunin Celsius a tsakiyarsa kafin a aminta da shi. In jariri ya kwana yana gudawa a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan cinye albashin wata, ai ba za a cire wannan daga ribar talotalo ba, shafinsa daban.

Babbar fasahar malaman nan, wadda ta fi komai burge ni, ita ce farashin da suka yanka wa lokacin mace: sifiri. Yinin da ta yi a tsaye, bayan da ya ƙage, wankin inji gunduwa-gunduwa da goge tebur da sabulu, duk kyauta ne, don haka duk riba ce. Sun kuma yi dacen zamani, domin mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a sa'a tun watan Yuli na 2009, bai motsa ba, haya da magani da kuɗin rainon yara suna ta hawa. Wa zai wahalar da kansa da maganar albashi alhali ga talotalo? Kamfanonin ma ai suna tsimi, nasu ne dai yake komawa aljihu. Gindin talotalo, wannan dunƙulen kitse da Amurkawa ba su cika so ba, sun daɗe suna loda shi a jirgi zuwa ƙasashen talakawa. Shi ne cofi da ake soyawa a bakin titi a Gana, wanda gwamnati ta hana shigo da shi tun 1999 saboda yawan kitsensa, ƙasar Samowa ma ta hana a 2007 kafin dokokin cinikin duniya su sa ta janye.

Abin da ke ci mini rai, kuma a nan na ajiye kirari, shi ne wadda ake yi wa wannan huɗuba da wadda take iya bin ta ba mutum ɗaya ba ce. Mai babbar firiza a gareji, da mota, da inji, da Asabar ɗin da babu aiki, ita za ta iya, kuma in tana jin daɗin yi, Allah ya ba da sa'a. Wadda ke ɗaki biyu a unguwar Bronx ta birnin New York da ƙaramin firji, tana aikin kula da tsofaffi da rana tana share ofisoshi da dare, ba ta da inda za ta sa kilo 7 na tsuntsu ko da kyauta aka ba ta. Duk da haka ita ake nuna wa yatsa idan ta ɗauki ƙullin niƙaƙƙen nama a kanti, a ce ba ta iya tattali ba, talaucinta sakacinta ne. In kuwa kunya ta sa ta gwada, ƙarfe goma sha biyun dare zai same ta a tsaye tana zare jijiya ta ƙarshe da yatsa a naɗe da filasta, ga inji bai wanku ba, ga motar safa ta ƙarfe biyar da rabi tana jiran ta.