Gatan Bindigar Ba'amurke

Maharbin Amurka ba ya kuskure. In barewa ta tsere, laifin katakon bindiga ne, wai laima ta kumbura shi.

Sai a kwantar da bindigar Remington 700 a tebur, a huda katakon, a kafa 'yan ginshiƙan alminiyam biyu inda kusoshi ke wucewa. A shimfiɗa gam, a shafe ƙarfen da man takalmi. Wanda ya manta da man nan, to ya ɗaura wa ƙarfe da katako auren mutu-ka-raba. Washegari a zura takardar dala ɗaya ƙarƙashin bututun. Ta wuce sumul? Barka da arziki!

Hannun maigida da ke rawa kuwa, har yau ba a kawo gam ɗinsa kanti ba.