Nasiha Ga Wanda Aka Naɗa Shugaban Kwamitin 'Yan Sikawut

Ya kai ɗan'uwa, idan Allah ya ƙaddara iyayen yara suka taru a makaranta bayan La'asar, aka nemi wanda zai riƙe kwamiti, kowa ya sunkuya yana duban takalminsa, kai kuwa ka yi tari ko ka gyara hula, jama'a suka ce madalla, ga wanda ya amsa, to, ka sani ka hau muƙamin da ba shi da albashi, ba shi da usur, sai dai lada mai yawa ga wanda ya kyautata niyya.

Sharaɗin farko shi ne ka san iyakarka, domin yaran suna da malaminsu, kuma a ƙarƙashinsa suna da shugabanni daga cikinsu. Tun da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya kwashi yara kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea a Ingila cikin Agustan 1907, ya kasa su kashi huɗu, ya damƙa kowane kashi a hannun yaro, a kan wannan asali aka gina al'amarin, kuma da shi ya iso Nijeriya a 1915. Saboda haka in ka ziyarci sansani ka tarar tanti ya karkace, wuta ta ƙi kamawa, wani ƙaramin yaro yana ta ƙullin igiya tana warwarewa, alhali kai ka san yadda ake yi tun ba a haife shi ba, makaruhi ne ka sa hannu. Ka zura hannuwanka cikin aljihu, ka yi ta tasbihi har ya gano da kansa, don wannan kokawar ita ce karatun da aka kawo shi yi.

Naka aikin yana can inda ba a tafa wa kowa. Wajibi ne ka samo ma'aji mai tsoron Allah da son rasit, da magatakarda wanda shi kansa yake iya karanta rubutunsa, sannan ka ba kowane uba aiki ƙarami mai suna, domin wanda aka ce wa "a taimaka" gida yake tafiya, wanda kuwa aka ce wa "Alhaji, buhun shinkafa ran Alhamis" da buhun yake dawowa. Taro kuma a buɗe da addu'a, a rufe kafin Magariba, ko da mai dogon bayani bai kai rabi ba.

Sai kuma haƙuri, tunda babba juji ne. Za a zo maka da ƙarar hular da ta ɓata, da ta direban da ya makara, amma mas'alar da ta fi wuya ita ce ta dattijon da zai yi sallama da sassafe, ransa a ɓace, yana cewa an koya wa jikansa gaisawa da hagu. Kada ka yi masa musu, don yana da hujja. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka bayyana masa cewa al'adar 'yan sikawut ce a tsakaninsu, kuma masu ba da labari suna danganta ta da jaruman Asante, waɗanda Baden-Powell ya je ƙasarsu a 1896, wai mayaƙi kan ajiye garkuwar da ke hagunsa don ya nuna aminci. Daga nan ka kira yaron a gabansa, ka umarce shi ya bar hagun nan a filin fareti, a gida kuwa ya durƙusa ya gai da manya yadda ya tarar ana yi.

Ranar tafiya sansani kuwa babu rangwame: takardar yardar kowane uba a hannu, akwatin magani a mota, manya fiye da ɗaya tare da yara, a ƙidaya su wajen hawa, a ƙidaya su wajen sauka. In an dawo lafiya, tukunyar da aka aro daga uwargidan wani a kankare ta sarai, ka kai ta da kanka haɗe da goro da godiya, domin baɗi ma wurinta za ka koma.