Yadda Ake Kai Uwargida Dapaong da Jakar Goyo, Aure Bai Mutu Ba

Tun kafin 'ya'yan Turawa su fara goya jaka suna zaga duniya da sunan buɗe ido, Hausawa sun san arewacin Togo. Fataken goro da ke tashi daga Kano su bi ta Nikki da Jugu su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, ta ƙasar Kotokoli suke ratsawa, kuma unguwar Didawure da ke cikin Sokode a yau zangon 'yan kasuwa Musulmi ce tun asali. Sai dai fatake suna da jakai, suna da madugu, ba kuma wanda ya yanka musu ranar komawa ofis. Magidancin wannan zamani da ya ƙudurta kai iyalinsa yawo da ɗan abin da ya tara ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Abin da ya mallaka shi ne jakar goyo biyu, da lissafi a bayan ambulan, da uwargida wadda ba a shawarce ta ba ranar da aka yi lissafin.

Rigimar farko a tsakar ɗaki ake yin ta, tun ba a ga tasha ba. Maigida zai yi bayanin cewa kowa abin da bayansa zai iya ɗauka shi ne kayansa. Uwargida za ta ce to, sannan ta jero atamfofi, da kaskon turaren wuta, da kwalbar man shanu, da yaji, da kular abinci. Mai hankali ba ya ja da yaji, domin shi zai fara nemansa a hanya. A kan atamfa kuwa akwai hujja mai ƙarfi: Togo gidan atamfa ce, a babbar kasuwar Lome ne matan nan da ake kira Nana Benz suka yi arzikin da ya saya musu Marsandi. Amma kada ya kuskura ya kawo wannan hujja, don duk wanda ya ce wa mace "akwai a can" ya yi alkawarin saye ke nan. Abin da ba a bari ko da za a bar takalmi shi ne fasfo, da katin rigakafin shawara, da gidan sauro, da buta. Ba kowane masauki ne ya san amfanin buta ba.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90. Ɗan Nijar ko canji ba sai ya yi ba, sefar Maraɗi ita ce sefar Sokode. Mai naira ne abin tausayi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, ba ta motsi, ita kuwa naira ba ta san zama wuri guda ba, saboda haka lissafin bayan ambulan yakan tsufa kafin a ƙetare iyaka. Riba ɗaya tak ake samu kyauta: agogon Togo yana bayan na Najeriya da Nijar da Benin da awa guda. Maigida ya riƙe wannan awa da kyau, ita kaɗai ce za a ƙara masa a duk tafiyar.

Sokode tana da nisan kimanin kilomita 340 arewa da Lome, ita ce hedikwatar yankin Tsakiya, garin Kotokoli, masu kiran kansu Tem, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Baƙo Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai a nan. Kiran salla ne zai tashe shi, koko da ƙosai suna jiransa a bakin titi, kuma da wuya ya yi tafiyar minti biyar a zango bai ji "sannu da zuwa" ba. A nan ne dabarar tsimi mafi girma za ta faɗo wa maigida: me zai sa a biya kuɗin ɗaki alhali ga 'yan uwa?

Dabarar tana aiki, har ta wuce yadda ake so. Da ya yi sallama a masallaci bayan magariba ya ce shi baƙo ne daga Kano, wani dattijo zai ce ai kakansa ma daga can ya zo, kafin isha an kai jakunkuna gida. Daga nan za a wuce da Hajiya cikin gida wurin mata, a shimfiɗa wa Malam tabarma a shagon samari. Ma'auratan da suka baro gida don su sami lokacin kansu sai su koma gaisawa ta bakin yaro ɗan aike. Ga kuma lissafin da ba a rubuta ba: goron dattijo, sabulun matan gida, alawar yara, gaisuwar Sarkin Zango, da ɗan abin da za a damƙa wa tsohuwa ranar sallama. In aka tara, an biya kuɗin otal mai na'urar sanyi, an kuma kwana da samari masu kallon ƙwallo har tsakar dare. Duk da haka tuwon gidan ya fi na kowane otal, kuma a nan ne kawai za a gaya wa baƙo gaskiyar farashin komai.

Wanda ya zaɓi ƙaramin masaukin haya, ɗaki iri biyu za a nuna masa, mai fanka da mai na'urar sanyi. Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin hunturu, mai fanka ya wadatar. A Maris da Afrilu kuwa, sa'ad da zafi ke kai maki 40 a arewa, mijin da ya ce fanka ta isa ya shirya amsa tambayoyi kan abin da ya sa aka aure shi. Kafin a biya, a leƙa bayan gini a gani ko da mashaya, domin lasifikarta ba ta san dare ba.

Abinci ba ya cin kuɗi. Akwai shinkafa da wake da suke kira ayimolu, 'yar uwar garau-garau, akwai soyayyar doya mai suna koliko, akwai sakwara, akwai wagashi, cukun Fulani da ake soyawa a jefa a miya. Matsalar canji ce. Takardar sefa 10,000 a hannun mai koko ba kuɗi ba ce, fitina ce, kuma takardar da ta yage ba mai karɓa. In mai shayi ɗan Nijar ne ya ce "dala ashirin", kada gaban Bakano ya faɗi, sefa 100 yake nufi.

Masu son kallo su daidaita zuwansu da lokacin bikin Gadao-Adosa. Mahaya suna sukuwa, mata suna rawa da adonsu, maza kuma suna shan magani su riƙa gurza wuƙaƙe a jikinsu, irin wasan 'yan tauri. Kallo kyauta ne. Maigida dai ya tsaya a sahun 'yan kallo, ko da kakansa ɗan tauri ne.

Daga Sokode zuwa Dapaong kusan kilomita 300 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta dire a Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa na Yamai ta tashar jirgin ruwan Lome suke bi, don haka tireloli sun ƙaru a hanyar. Babbar bas mai tikiti ta fi tsada kaɗan, amma kowa da kujerarsa. Ƙaramar motar tasha ta fi araha, tana ɗaukar biyu a gaba huɗu a baya, kuma ba ta tashi sai ta cika. Direba zai rantse saura mutum ɗaya. Wannan mutum ɗaya ba a taɓa ganin ya zo da wuri ba. Mijin da ba ya son a matse masa mata da buhun doya sai ya sayi kujera uku, daga nan kuma arahar ta ƙare.

Kafin Bafilo, garin masaƙa, akwai tsagin dutsen Alejo, inda aka fasa dutse hanya ta ratsa ta tsakiya. Yanzu an yi sabuwar hanya ta kewaye, don haka mai son hoto sai ya roƙi direba ya bi tsohuwar, roƙon kuma da kuɗinsa. Bayan Kara, a Kante, ake ratsewa zuwa Kutamaku, ƙasar Batamariba masu gidajen ƙasa masu bene da rumbuna a kan soro, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004. Akwai kuɗin shiga da na ɗan jagora. A nan maigida zai ce ai akwai ginin ƙasa a Kano, uwargida kuma ta tambaye shi to me ya fito da su.

Daga Mango, a bakin kogin Oti, ƙasa takan buɗe, kuka da ɗorawa da kaɗanya su bayyana, mutumin Katsina ya ji kamar ya kusa gida. Dapaong garin Moba ne da Gurmawa, kuma a nan raha takan ɗan dakata. Tun Yunin 2022 yankin Savanes, inda Dapaong take, yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, bayan harin da ya kashe sojoji 8 a Kpekpakandi a watan Mayun shekarar. Shingayen bincike suna da yawa. Takardu su kasance a aljihu, ba a ƙasan jaka ba, ba a ɗaukar hoton soja, ba a tafiyar dare, kuma gabas wajen Kpenjal da Manduri ba wurin yawon shaƙatawa ba ne. A tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a fita ko'ina, in sun ce a zauna a zauna.

In hanya ta yi kyau, abin gani shi ne kogunan dutsen Nok, kusa da Nano. A jikin wani dogon dutse Moba suka gina rumbunan laka fiye da 100, inda suke ɓuya da hatsinsu a zamanin hare-haren Cakosawan Mango. Da tsanin ƙarfe ake sauka, ƙasa kuma tana can nesa. Kan wa zai fara sauka, al'ada ta ce namiji. Ba laifi ya tsaya ya ɗan yi nazarin tarihin wurin tukuna, har uwargida ta gaji ta tattare zanenta ta wuce gaba.

Ranar Asabar kasuwar Dapaong ke cika. Ga zabbi, ga tumatir, ga saƙi, ga kuma mata zaune da manyan tukwane suna zuba wani abu a ƙoƙo. Ba kunu ba ne, burkutun dawa ne da suke kira cakpa, don haka mai ƙishirwa ya tambaya kafin ya miƙa hannu, haka ma a wurin mai nama. A wannan kasuwa ne maigida zai zauna a inuwa ya ƙirga abin da ya rage, ya sake ƙirgawa, ya gano kuɗin motar komawa ba su cika ba. Uwargida za ta bar shi ya yi gumi na ɗan lokaci, sannan ta kwance bakin zane ta fito da kuɗin adashinta, waɗanda ta canza zuwa sefa tun a Kano ba tare da ta gaya wa kowa ba.

"Rance ne fa, Malam," za ta ce, ta kira mai zabbi ya zama shaida.