Wasiƙa zuwa ga kishiyata da ke Galmi

Kolombus, jihar Ohayo, Amurka

Kishiya,

 Ki gaya wa Malam, tsohon mijin namu, aronsa na ba ki, ban bar miki ba, kuma labari ya iso mini cewa tun da na bar gari kin rage masa nono a fura. Wanda ke karanta miki takardar nan ya ɗaga murya, don na san kunnenki ba ya jin komai sai maganar kuɗi. Kuɗin suna hannun Kawu a Ƙonni, in ya ci kasuwar Laraba zai biyo miki da su.

Saƙonki ya iso, wai a hoton salla na rame, ƙashin wuya ya fito, ko Amurka ma fari ake yi. To ni da kike gani, a nan cikin masu jiki ake lissafa ni. Akwai wata baƙar fata ƴar ƙasa da ke zuwa kitso shagonmu, ma'aikaciyar jinya ce, ta haura talatin, da ɗanta guda. Ranar da ta fara zuwa ta tuɓe rigar sanyi, sai da mataji ya suɓuce mini. Kafaɗa ta buɗe, damtse ya murɗe, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu, ciki ya shafe ya rabu gida shida. Na ce a raina ko dai dako take yi, ko miji ya mutu ya bar mata gona. Ashe ba ko ɗaya. Gasa take shiga, ta matan da ke gina jiki su hau dandamali su nuna wa alƙalai tsoka.

Da muka saba, ta ja ni gidan motsa jikinsu in gani da idona. Tun kafin kiran assalatu take tashi, ba ta sa komai a baki ba, ta hau wata matakala mai inji. Tana hawa matakalar na saukowa, minti arba'in da biyar, ta jiƙe sharkaf, ba ta je ko'ina ba. Da maraice in ta taso aiki sai ɗaga ƙarfe, kowace gaɓa da ranarta: yau ƙafa, gobe baya, jibi kafaɗa. A gabana ta aza kilo 100 a wuya, wato buhu biyu na simintin Malbaza, ta durƙusa ta miƙe sau takwas, sannan ta mayar da shi daidai inda ta ɗauko. Ba gini ake ba, ba mota ake lodi ba. Daga nan ta koma jan igiya, ina ta leƙen inda gugar za ta fito, babu rijiya. Ƙarshe ta ɗauki guduma ta hau dukan tayar tarakta da ba ta yi mata laifin komai ba.

Kuma kada ki ɗauka biyanta ake yi. Ita ke biya. Tana biyan gidan duk wata, tana biyan wani kocinta da ke tsaye yana ƙirga mata yana daka mata tsawa. Na ba ta labarinki: surfe da asuba, daka da hantsi, jan ruwa, tulu a ka, goyo a baya, ga dashen albasa a duƙe tun sanyin safiya har rana ta take. Ta yi shiru, ta ce nawa kike biyan kocinki. Saboda haka na yanke shawara, in na dawo tsakar gidanki za mu mayar gidan motsa jiki. Turmi uku, taɓarya shida, mutanen Amurka su biya da dalarsu su dake mana gero, ke kuma ki zauna kan tabarma kina yi musu tsawa, abin da dama kin iya kyauta.

Wajen abinci kuwa, nan ne tausayi ya kama ni. In gasa ta rage wata huɗu, komai sai an ɗora shi kan wani ɗan sikeli. Ranar Lahadi take dafa na mako, ta jera a ƴan robobi, tana ci sau shida a yini. Ƙirjin kaza ba fata ba mai, farin ƙwai an fidda gwaiduwa, shinkafa cikin tafin hannu, ɗan dankali, ganye dafaffe da ko ƙuli bai gani ba. Ruwa kuwa galan guda take yawo da shi, kusan lita huɗu, ta yi masa zane-zane da awa. Ran nan na yi dambu da zogale, na zuba mai da albasa yadda kika koya mini, na kai mata. Ta buɗe kwano, ta rufe ido ta shaƙa, ta ɗauke shi hoto da salula, ta tambaye ni giram nawa ne man da ke ciki. Na ce mu da ludayi muke zubawa har sai zuciya ta ce ya isa. Ta rufe kwanon ta miƙo mini, idonta ya yi rau-rau. Azumi ne na wata huɗu, ba shan ruwa da magariba, ba lada.

A garin nan ake babban taronsu duk farkon watan Maris. Kin tuna Kwamando, wanda yaran gidanmu ke sace miki canji su je kallonsa a gidan bidiyo? Sunansa Arnold Schwarzenegger, haifaffen Ostiriya, har gwamnan Kalifoniya ya yi daga 2003 zuwa 2011. Shi da wani abokinsa Jim Lorimer suka kafa taron a 1989, kuma ga mutum-mutuminsa can an kafa a bakin zauren, ya murɗe ba riga cikin wannan sanyi. Mutuniyata ta shiga rukunin masu neman hawa matakin ƙwararru, ni ce na yi mata kitso na kuma riƙe mata jaka.

Kishiya, inda ranka ka sha kallo. Matan rukuni-rukuni ne: akwai masu ɗan jiki daidai, akwai masu kafaɗa, akwai masu cinya, akwai manyan da tsoka ta hau kan tsoka. Kowacce an fesa mata wani ruwa mai duhu don tsokar ta fito a hasken fitila, har ita da Allah ya yi baƙa sai da aka ƙara mata. Aka shafa mai, aka sa takalmi mai tsini. Tufafin kuwa ƙyalle biyu ne da in an haɗa su ba su kai rabin ɗan kwalinki ba, an jera musu duwatsu masu walƙiya, kuɗinsu ya sayi ragon layya har da canji. Mai karatu ya yi sauri ya wuce nan in Malam na kusa.

Na gyara zama ina jiran a kama. Ni da na tashi ina jin kokawa a rediyo, na san tun 1975 da aka fara ta ƙasa a Tawa ba a ɗaukar takobi sai an kai wani ƙasa, kuma Issaka Issaka na Doso bai tara takubbansa da murmushi ba. Nan ba makaɗi, ba kirari, ba laya, ba wadda ta taɓa wata. Alƙali ya ce a juya dama, su juya. A ba da baya, su bayar. Suna ƙanƙame jiki har yana rawa, haƙora a waje. Wasu dai akan sa musu kiɗa na minti biyu su yi tsalle da alkafura, su kam na yarda sun ci guminsu. Babbar gasar duka ita ce Ms. Olympia, da aka fara a 1980. Wata Iris Kyle ta ci ta sau goma. Bayan 2014 aka dakatar da ita, da aka dawo a 2020 wata Andrea Shaw ta Detroit ta ɗauka, ta kuma riƙe shekaru a jere. Hotonta ne a fuskar salular mutuniyata.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranar da ta fi kama da mai ƙarfi, ranar ce ta fi kowa rauni. An rage mata ruwa, kitse ya ƙare, jiri na ɗibarta, sharaɓarta na ɗaurewa. A bayan dandamali tana lasar zuma a cokali hannu na karkarwa. Da kin ture ta da ɗan yatsa sai ƙasa. Matar da ke aza buhu biyu a wuya, ni na tallabe ta zuwa mota. Ba ta ci gasar ba, kuma a rukuninsu ko ka ci ba a ba da kuɗi.

A hanya ta faɗa mini abin da ba a faɗa a dandamali. In kitse ya yi ƙasa sosai, al'ada kan ɗauke wa mace wata da watanni, gashi ya zube, barci ya ƙi, fushi ya zo kusa. Wasu kuma allurar sinadarin maza suke yi a ɓoye, murya ta buɗe, gemu ya tsiro. Ta rantse ita ba ta yi. Na buɗe baki zan yi wa'azi, sai na tuna ƙwayoyin ƙiba da ƴan matanmu ke saye a tire gabanin biki, da kunun da kika ɗura mini har ina kuka wai kada dangin miji su ce gidanmu yunwa. Na ja bakina. Na dai tambaye ta me ya kai ta. Ta ce bayan haihuwa da mutuwar aure jiki ya yi mata nauyi, likita ya ja mata kunne kan ciwon suga. Kuma cikin yini gaba ɗaya, lokacin da ƙarfe ke wuyanta ne kaɗai ba majinyacin da ke kiranta, ba yaro, ba mai gidan haya. Wannan kam na gane shi sarai.

Washegari ta buga mini ƙofa da kanta, ta ce ina dambun nan. Kwano biyu ta share, ta sha fura a kai, ta kwanta a kujerata har la'asar. Kafin mako biyu kumatu sun dawo, har kin iya cewa ta yi kyau.

Yanzu tana roƙon abu guda: hotonki riƙe da taɓarya, hannun riga a naɗe, don ta nuna wa kocinta. Ki sa a ɗauka, amma ki bari sai kin tauna goro kin huce, kada fuskarki ta kori mutane. In an sami mai tahowa, a aiko mini da gabu, da daddawa, da kuka, da yaji. Ban da kilishi, ba a barin nama ya wuce filin jirgi. Ki gaishe da Inna, da su Gwaggo a Badagishiri, da mutanen Tsarnawa, da duk wanda ya tambaye ni ba don bashi ba. Ki faɗa mini nawa buhun albasa ya kai bana, kada ki rage don in ƙara miki.

Jikarki, uwargida.