Ranka Ya Daɗe, Sammore Mai Riga Dubu

Ranka ya daɗe, Sammore! A ƙasar Adar da Ƙonni an yi wa sarakuna kirari, an yi wa ƴan kokawa, an yi wa ingarmun hawan salla, amma kai mai kayar da ingarmun an bar ka ba ko ganga. Yau za a biya ka haƙƙinka.

Asalinka ba ɓoyayye ba ne. Tun 1880 likitan dabbobi Griffith Evans ya hango ka cikin jinin dawakai da raƙuma a Dera Ismail Khan, a Pakistan ta yau, har aka raɗa maka Trypanosoma evansi. Danginka na kudu ba su motsi sai ƙudan tsando ya ɗauke su, shi ya sa suka maƙale a kurmi. Kai ko ka yaye kanka, bobuwa ta ishe ka. Ta ciji raƙumi, a kore ta, ta sauka kan doki da sauran jini a baki, shi ke nan ka yi sabon masauki. Da haka ka cika Indiya, ka kai Brazil, har Faransa ka leƙa a 2006 cikin raƙuman da aka kai daga tsibiran Kanari. Mai irin wannan tafiya, iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya ce za ta tsare shi?

Ka kuma iya zaɓen wuri. Kwarin Maggiya, madatsun Mozage da Zango, fadamun albasar Galmi, duk laimar da manomi ke roƙo ita bobuwa ke so. Ran kasuwa a Badagishiri ko Gidan Idar, raƙumi da sa da jaki da doki a fili ɗaya suke yini. Raƙumi ya riƙe ka shekaru yana ramewa a hankali, saniya ta goya ka ba ta ko nishi, doki kuwa cikin makonni ko ƴan watanni ka gama da shi.

Amma gwanintarka tana cikin jini. Da ka shiga, garkuwar jikin doki takan haddace rigar da ke jikinka, ta ƙera makamin da ya dace da ita, ta kashe mafi yawan rundunarka. Zazzaɓi ya sauka, mai doki ya yi hamdala. Ashe kaɗan daga cikinku sun riga sun sauya riga. Su hayayyafa, zazzaɓi ya dawo, garkuwa ta koma farko. Haka za a yi ta yi har jini ya ƙare, dasashi ya yi fari, ciki da ƙafafu su kumbura, haƙarƙari ya fito alhali harawa ba ta yanke ba. Saboda wannan sauyin riga, har yau ba ka da allurar rigakafi.

Sai babban aikin. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa da laka shinge mai tace abin da jini ke kawowa. Kai ka ƙetare shi. Fararen ƙwayoyin jini suka biyo sawunka, suka yi dafifi a kewayen jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, suna zuba abubuwan kumburi don su halaka ka. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Kumburin ya matse ƙwaƙwalwa, ya lalata jijiyoyi, waɗanda suka zo ceto su suka yi ɓarnar. Dokin da ya yi rawa a ƙofar Sarkin Adar a Illelar Nijar sai ga shi yana tangaɗi, ƙugu ya saki, kai ya karkace, yana kewaya turke bai san ubangidansa ba, har ya kwanta. Wane jarumi ne ke sa dakarun gida su rushe gidan da hannunsu, in ba kai ba?

Magani ma ka san makwancinsa. Garin nan rawaya, diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, yana share jini amma da ƙyar yake ƙetare shingen. Kai kana can ciki kana jira, in ƙarfinsa ya wuce ka fito. Awon da ake yi wa shanu, miligiram 3.5 kowane kilo, bai kai gare ka ba, sai an ninka, kuma jikin doki ba ya jure shi da sauƙi.

Kada mu manta da fadawanka. Madalla da mai tallar magani da ke shanya fakiti a rana yana auna nauyin doki da ido. Madalla da mai raba ƙulli ɗaya ga dabba uku don araha, yana koya wa jikokinka jure magani. Madalla da wanda ya ga doki na kewaye ya ce iska ce ko sammu, ya yi ta turare har lokaci ya ƙure. Madalla da duk mai iko da ya bar gwajin jini nesa da mai amalanken da ke ciyar da gida goma da doki ɗaya. Ba don su ba, da sarautarka ba ta kai haka ba.

Abin da ke razana ka kaɗan ne, kuma mun san shi: a kira likitan dabbobi tun zazzaɓin farko, kafin ka hau kai; a ɗebi jini a duba; a auna doki kafin a auna magani; a nisanta turkensa da raƙuma da bakin ruwa lokacin da bobuwa ta yi yawa, a tada hayaƙi a barga. Ranar da masu dawakan Ƙonni da Malbaza da Illela suka riƙe waɗannan, sai ka nemi wata ƙasar da za ka mulka.