Ɗalibin Kujerar Baya

Ɗana yana aji biyu na firamare, amma kullum yana riga ladanin unguwarmu tashi. Ba ƙiyamul laili yake yi ba, yaron bai kai nan ba tukuna. Makaranta ce ta jawo. Muna zaune a Rijiyar Zaki, makarantarsa tana Hotoro, wato sai mun keta Kano daga wannan bango zuwa wancan kafin a kira sunansa a rajista. Biyar saura kwata uwarsa take zaro shi daga bargo, ta yi masa wanka idonsa a rufe, ta zura masa yunifom idonsa a rufe, ta ɗura masa shayi idonsa a rufe. Ragowar barcin a mota yake ƙarasawa. Akwai ranar da sai da muka kai Gadon Ƙaya na lura takalmin dama nasa ne, na hagu na ƙanwarsa.

Kada mai karatu ya zaci babu makaranta a unguwarmu. Tsakanin gidana da masallacin Juma'a akwai makarantun kuɗi guda huɗu. Ɗaya ma katangarmu ɗaya da ita, da muna gida da safe daga tsakar gida za mu riƙa jin taken ƙasa. To amma wane mai mutunci ne zai sa ɗansa a makarantar da ake zuwa da ƙafa? Me zai faɗa a majalisa? In aka tambaye ka inda yaranka suke karatu ka ce "nan bayan layi," shiru za a yi maka, irin shirun da ake yi wa wanda ya ce an sallame shi daga aiki. Amma ka ce "Wallahi har Hotoro nake kai su kullum," ka haɗa da ɗan nishi, sai ka ga ana jinjina kai: "Kai, Alhaji, kana ƙoƙari." Wannan "kana ƙoƙari" ita muke biya duk zango. Karatun gyara ne aka ɗora mana a kai.

A gidan biki uwargida ta samo makarantar. Wata ƙawarta ce ta ce yaran can ta hanci suke Turanci, kuma sunan makarantar ma sai ka ja numfashi sau biyu kafin ka kai ƙarshensa, ga Intanashinal a tsakiya, ga Akadami a wutsiya. Ita uwargidan, in ba ku sani ba, malama ce a wata firamaren gwamnati da ke kusa da mu. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'ya'yan mutane, kuma ta iya aikinta. Ranar da na ce me zai hana yaron ya riƙa bin ta, kallon da ta yi mini har yau ina jin sanyinsa. "Abban yara, ɗan nawa?" Daga nan ban sake ɗauko zancen ba.

Da farko lissafin ya yi daidai. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, daga baya har ta taɓa dubu. Na zauna da biro na haɗa kuɗin man zango guda, na ga ya kusa kamo kuɗin makarantar. Ashe makarantu biyu nake biya: ɗaya mai Anti da Onkul, ɗaya mai famfo da yaro a tsaye yana tambaya "Na nawa za a zuba?" Mai hankali a nan zai sauya wa ɗansa makaranta. Ni na'urar sanyin mota na kashe.

Amma in za a faɗi gaskiya, ilimin da ya zauna a kan yaron nan a hanya ya same shi. Daga Kabuga zuwa Ƙofar Famfo, zuwa Ɗan Agundi, zuwa Gidan Murtala, darasi ne iri iri. Ya san ɗan KAROTA daga nesa, yana hango rigar zai ce "Abba, sa bel." Ya san farashin rake, da na cajar waya, da na tsumman goge gilashi. Ya san ɗan sahun da zai tsaya ba sigina tun kafin ya tsaya. Rannan Anti ta kira ni ofis, fuska ba walwala, wai wani yaro ya bangaje shi a layin asambuli, shi kuwa ya juya ya ce masa, "Kai, wane jakin ne ya ba ka lasin?" Ta ce ba a makarantarsu ya koyi wannan ba. Na ce lallai 'ya'yan unguwa ne suke ɓata shi. Yaron da rabonsa da ganin unguwar da rana tun hutun da ya wuce.

Kai yaro makaranta ma mai sauƙi ne a kan ɗauko shi. Ƙarfe ɗaya da rabi ka leƙa ofisoshin garin nan, huluna za ka tarar a kan tebura, masu su sun tafi. Hular tana nufin "yana nan kusa, ya zaga masallaci." Ba wanda yake tuhumar wani, don shi ma oga hularsa ce ke riƙe masa kujera. Mai fayil da ya taso daga ƙauye tun asuba sai ya zauna ya yi hira da hula har la'asar.

Ranakun da ba zan iya zillewa ba, sai ɗan sahun haya. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, ɗan Adaidaita Sahu ya zama kawun kowane yaro. Namu yana jera yara tara a inda aka yi don mutum uku, jakunkuna a rataye ta ko'ina kamar mai tallan gwanjo. Ya fi ni sanin wanda ya fi ƙoƙari a ajin ɗana, da malamar da ta haihu, da ranar da za a fara jarrabawa. Duk lokacin da mai ya tashi, sai ya yi sallama da daddare: "Yallaɓai, ka dai ga yanayi." Ranar da mai ya sauka kuwa, shi bai ga yanayi ba.

Yaro ya iso gida uku da rabi, a cusa masa abinci, a cire yunifom a zura masa na Islamiyya. Bayan magariba ga aikin gida, wanda kowa ya san na iyaye ne. Watan jiya aka ce su gina gida da kwali. Sha ɗayan dare ina zaune da almakashi da gam, mai aikin yana ta minshari. Shida bisa goma aka ba mu. Har yanzu abin yana ci mini rai, don har taga na fitar.

Hajiyata ta zo mana kwana biyu, ta ga yadda ake kicin-kicin da jikanta cikin duhu. Ta ce, "Wai ni yaron nan fatauci kuke tura shi ne? Kai da ka yi Eli'e a ƙofar gida, da silifa ɗaya, me ya rage ka da shi?" Na ce, "Hajiya, zamani ne." Ta ce zamanin bai hana jikanta ramewa ba.

Makon jiya na tsaya shan mai a titin BUK, sai ga wani bawan Allah a ɗaya famfon, motarsa ta fuskanci inda na fito. Ido ja irin nawa, yara biyu a baya suna barci baki buɗe. Muka gaisa gaisuwar waɗanda ciwo ɗaya ke damu. Na ce ina aka nufa? Ya ce Rijiyar Zaki, ya faɗi sunan makarantar. Wadda muke katanga ɗaya ce. "Ai duk Kano babu irinta," in ji shi. Na ce daga ina? Ya ce Hotoro. Ashe tagar ɗakinsa tana kallon ƙofar makarantar ɗana.

Na ce, "Alhaji, to me zai hana kowa ya mayar da nasa ta bayan gidansa, mu huta?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba Alhaji. Waccan? Ta bayan layi?"

Da daddare na kwashe labarin na faɗa wa uwargida. Ta yi shiru tana goge yunifom, can ta ce, "Ka ga ashe makarantar tana da kyau. Kaico, da a Hotoro muke zaune, da nan za mu kawo shi." Ta miƙo mini wayata ta ce in saita ƙararrawa huɗu da rabi, an fara gyaran hanya.